Kujerar Mai Guduma

Babanmu ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin tukwanen tururi na masana'antu, irin waɗanda mutum ke shiga cikinsu da rarrafe. Aikinsa shi ne ya duba wadda ta samu rauni, ya ce a ci gaba da hura mata wuta ko a kashe. Mai Guduma ake kiransa, don ko gidan suna aka gayyace shi sai ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen mutane ya ce tsatsa ta ci ta. Yana da na'urar auna kauri, amma kunnensa ya fi amince wa. Ƙarfe mai lafiya, in ji shi, amsawa yake da ƙarfi, mai ciwo kuwa sai ka ji kamar an daki buhun yashi.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta hana Inna, mahaifiyarmu, kwanciyar hankali tun muna yara. Duk tukunyar da ya ce ta yi, ranar da za a sake hura ta sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ta katako ya zauna a gindinta har ta ɗauki zafi. "In na yi ƙarya, ni za ta fara tambaya," haka yake cewa. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta koma addu'a.

Da girma ya zo, sai jinsa ya fara raguwa. Duk gidan mun sani, amma wa zai faɗa? Sai mu riƙa ɗaga murya, shi kuma ya ce yaran zamani ba su da ladabi.

Ina guga a wani kamfanin wanki, mijina kuma shi ne mai hura tukunyar wurin. Bango ɗaya ne tsakaninta da ɗakin da mu mata muke aiki. Wata rana ruwa ya ƙafe a cikinta tana kan wuta, cikinta ya yi wani kumburi kamar faɗin faranti. Manaja ya aika a kira Baba.

Ya shiga da fitila, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Na lura ya daɗe a kan na'urar fiye da yadda ya saba. Ya sa aka cika ta da ruwan sanyi aka matsa da famfo, ya bi ɗinkin ƙarfen da yatsa yana neman ko ɗigo, bai samu ba.

"Rabin ƙarfinta za ta ɗauka," ya ce wa manaja, "har a canza wannan ɓangaren. In kun wuce haka, babu ruwana, kuma babu ruwanku da duniya."

Ya ja layi da alli a kan agogon da ke nuna ƙarfin tururi. Ya hau sama ya gyara bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa, yadda da allura ta taɓa allin zai buɗe. Bututunsa ta rufi ya fita, ba a ganin hayaƙin daga ciki, kukan kawai ake ji.

Washegari da safe ya zo da kujerarsa. Mijina ya durƙusa ya gaishe shi, ya zuba gawayi, ya koma gefe, don ba ya iya haɗa ido da surukinsa. Da rana ta ɗan ɗaga na kai wa Baba shayi. Ɗakin ya yi zafi, tukunyar na wani gunji ƙasa-ƙasa da nake ji a tafin ƙafata. Bai karɓi kofin ba. Idonsa na kan agogo, allura kuwa ta haye allin.

"'Yar nan," ya ce, bai juyo ba, "kina jin kukanta?"

"Wane kuka, Baba?"

"Ki gaya min gaskiya. Ni ba na ji. Na daɗe ba na ji."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba tukunyar ce ta fara tsorata ni ba, muryarsa ce. Na ce, "Wallahi shiru ne, Baba."

Ya ɗaga kai. A hannun bawul ɗin ga wani tsohon dutsen guga a rataye da waya, nauyinsa ya hana shi buɗewa. Ashe shekara da shekaru haka masu hura wutar wurin ke yi, don kukan na damun mutane. Ranar da mai dubawa zai zo sai su cire, washegari su mayar. Mijina da ya iso da safe hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba.

"Ajiye kofin," in ji Baba. "Je ki fitar da matan nan. Kada ki yi gudu, kada ki yi ihu." Ya dubi mijina. "Kai ma bi ta. Jikokina ba za su rasa uba da kaka rana ɗaya ba."

"Baba, ni na rataya, ni zan cire," in ji mijina.

"Ni na ce ta yi. Fita!"

Muka tsaya a bakin titi, mata cike, kowa da ruwan sabulu a hannu. Ta ƙofa na hango Baba yana janyo garwashi da shebur, sannan ya kama tsani. Can sai kukan ya tashi, har kwanon rufi na rawa, farin tururi ya turnuƙe sama. Matan suka toshe kunnuwa, ni kuwa ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Ya fito hannuwansa duk sun saɓule. Tukunyar ba ta sake ganin wuta ba, shi ma bai sake ɗaukar guduma ba. Kujerar tana nan a madafin Inna. Idan ta ɗora buta a wuta, sai ya zauna ya zuba mata ido, in ta daɗe sai ya kamo hannun duk wanda ke kusa.

"Kana jin kukanta?"