Bukkar da Na Sa Aka Kafa wa Ɗiyata

Na manta sunayen wasu malamaina, na manta rabin baitocin da na sha bulala a kansu, amma damanar da na yanke wa ɗiyata hukunci daga bakin ƙofa ba za ta taɓa fita raina ba.

Muna wani ƙauye arewa da Tasawa, tun Nasara bai iso ba. Ni ne malamin garin, ina da littafin magani guda ɗaya, wanda gara ta riga ni karanta ƙarshensa. Yarinyar shekarunta bakwai, kuma 'yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ko kallon kirki ba na yi mata. Kunya ce, ana kuma yabona a kanta.

Ciwon ya fara mata a baki, har fura ta gagare ta. Sai bororo ya feso a ƙirji da baya, da an taɓa ya fashe ya bar jan nama. Na leƙa daga ƙofar ɗaki na ce agana ce. Kafin la'asar an kafa mata bukka a bayan gari. Mahaifiyata ta bi ta, don ita ta yi agana tun tana budurwa.

Kamar yadda aka saba, wanzami ya ɗebi ruwan ƙurjin a bakin aska ya tsaga wa yaran gari a hannu, don su yi mai sauƙi su huta. Aka jira. Ko zazzaɓi ba wanda ya yi. Na ce addu'ata ce.

Har gero ya fid da kai tana can, wata uku ke nan. Wata safiya Inna ta tare ni a hanyar gona.

"Malam, aganar littafinka wata nawa take yi?"

"Inna, ai cuta iri-iri ce."

"To zo ka ga irin."

Ta ja ni har cikin bukkar, ta kama yatsana ta goga a kafaɗar yarinyar, inda babu ƙurji. Fatar ta saɓule kamar ta dafaffen wake.

"Dubi fuskata," in ji Inna. "Na san agana, ba ta haka. Matar makiyayin da ke kawo mana nono ƙwarya guda suke sha da ita, ba abin da ya same ta. Ita ko yarinyar nan kullum tambayarta, mi ta yi aka kore ta."

Yarinyar ta ce, "Baba, yau za mu gida?"

Na naɗe ta a zane shafe da man kaɗe, na ratsa gari da rana tsaka, mutane na kallon malami rungume da 'yar fari. Kashegari na bi gida-gida ina faɗa wa iyaye tsagar nan ba ta kare kowa daga komai ba.

Ta kai farkon girbi a ɗakin uwarta, tana jin dakan gidanmu. Ba ta ga an cika rumbu ba.

Har yau ban san sunan cutar ba. Abin da na koya shi ne in shiga ɗaki kafin in buɗe baki, in kuma ban gane ba in ce ban sani ba. Da na faɗi haka ran nan, da wata ukun nan a gida ta yi su.