Gadar da aka yi wa kwalliya

Shekara biyu ina roƙo a biro, ofishinmu na gyaran hanyoyi a Tawa, kafin shef ɗinmu, shugaban ofishin, ya yarda mu je mu auna gadar garinmu. Tsohuwar gadar dutse ce mai baka ɗaya bisa ƙorama, ta nan kamiyo, babbar motar albasa, ke bi zuwa Madawa, ta nan ake kai mai naƙuda likita. Bakan ya tsage, na ga tsagar da idona, hannuna na shiga ciki har gwiwa, duwatsun kafaɗar hagu sun zazzago. In awo ya nuna bakan ya lotsa, za a saka ta cikin gyaran bana kafin damina. Sai na aika wa kawuna, mai unguwa, cewa muna tafe.

Da munka sauka daga mota wari ya fara tarbar mu. Kai! Gada fara fat kamar ɗakin amarya. Ashe da kawu ya ji baƙi za su zo daga Tawa, gayya ya kira. Sunka sassaƙe duwatsun da sunka leƙo, sunka cusa laka da kashin shanu cikin tsagar, sunka shafe da farar ƙasa. Ko bushewa ba ta yi ba, ƙudaje sun baibaye ta.

Munka ja igiya daga ƙafar baka zuwa ƙafa, ina tsayar da sanda ina auna tsawo daga igiya zuwa cikin bakan. Hagu da dama sunka zo daidai, tsaf, yaɓen ya ɓoye lotsawar. Na kai yatsa zan ƙwaƙule yaɓen, ƙazantar ta zubo mini a hannun riga. Shef na sama bisa gada, ya toshe hanci da hankici.

"Shef, don Allah a ba ni magirbi in buɗe maka."

"Kai dai kana son a yi wa ƙauyenku aiki," in ji shi. "Awo ya yi kyau. Akwai masu jira a garin Buza."

Wallahi ban taɓa jin ƙyamar farar ƙasa ba sai ranar. Ina wanke hannu da yashi, raina na tafasa, kawu ya iso da babbar rigarsa ta Juma'a, yana ta murmushi. Ya dafa kafaɗata, ya rage murya kada baƙi su ji.

"Ɗana, faɗa mini gaskiya. Mun fid da kai kunya gaban manyanka, ko?"