Kofin da Mutlak Basha Bai Sha Ba

Daifallahi ɗan Salama, wanda duk mutanen Rujum ke kira Abu Nayif, makiyayi ne tun tasowarsa, kuma tare da Mutlak suka yi kiwon awaki a tuddan gabashin gari. Daga baya hanya ta rabu. Mutlak ya tafi makaranta a birni, ya shiga majalisa da ƙuri'un dangin Daifallahi, ya riƙe minista, har sarki ya naɗa shi firayim minista, aka koma ce masa Basha. Daifallahi kuwa bai taɓa neman kome a wurinsa ba sai sau ɗaya.

A shekarar da gwamnatin Basha ta ninka kuɗin gurasa, samari suka fito kan titi, aka kwashe su har da Nayif, ɗan Daifallahi na fari. Daifallahi ya tafi birni ya shiga zauren tsohon abokinsa. Da aka miƙo masa gahawa sai ya ajiye kofin bai kurɓa ba, kamar yadda mai buƙata yake yi.

Basha ya ce a gaban jama'a, "Sha gahawarka, ɗan'uwa. Abin da ka zo nema ka samu. Nayif ɗana ne."

Daifallahi ya sha. Ba a daɗe ba aka kawo masa gawar Nayif, wai zuciyarsa ce ta tsaya. Shi ya yi masa wanka da hannunsa, ya kuma ga shatar dukan da ke bayan yaron. Ragunan da Basha ya aiko na zaman makoki, ya sa aka kora su jeji.

Shekaru suka shuɗe. Gwamnatin Basha ta faɗi, ya dawo, ya sake faɗuwa, Daifallahi yana biye da shi a rediyo. Abin da ya rage wa Basha na girma shi ne a sa shi gaba in za a je neman aure ko sulhu.

Nayif ya bar 'ya, Wadha, ta girma a hannun kakanninta har ta zama malamar makaranta. Ta daidaita da Hamad, ɗan wani mai facin taya daga wani gari. Mutanen Hamad ba su san tsohon zance ba, sai suka roƙi Basha ya jagorance su don su fita kunya. Da labari ya iso, Ummu Nayif, matar Daifallahi, ta tare mijinta a bakin ƙofa.

"Ka ji tsoron Allah, tsoho. In suka tashi ba su sha gahawa ba, auren yarinyar nan ya mutu."

Ya ce, "Na sani."

Ranar neman auren, maza suka cika rumfa. Aka zuba wa Basha gahawa, ya ajiye kofin, ya yi dogon jawabi, ya nemi auren Wadha. Sai da tururin kofin ya ɗauke sannan Daifallahi ya yi magana.

"Basha, ka tsufa."

"Duk mun tsufa, Abu Nayif."

"Ashe kana tune da sunan. To yarinyar da kake nema, ubanta ne ya kamata ya amsa maka. Je ka kawo shi daga inda ka kai shi."

Dattawan baƙi suka fara tattara rigunansu za su miƙe. Sai Daifallahi ya juya ga mahaifin ango.

"Kai, Abu Hamad, ba ka da baki ne? In ka ce wa direba ka toshe tayarsa, tana toshuwa?"

"Tana toshuwa, baba."

"To maganarka ta fi ta wannan. Nema da kanka."

Mutumin ya miƙe, ya nema cikin kalmomi kaɗan. Aka kawo masa sabon kofi, Daifallahi ya ce, "Sha, na ba ɗanka." Aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Basha kuwa ba wanda ya ce masa sha, ba kuma wanda ya ɗauke kofin daga gabansa. Ya dogara sandarsa ya ratsa tsakanin sahun maza har ya kai mota, babu mai rakiya.

Tun daga ranar babu gidan da ya sake sa shi gaba. Ummu Nayif ta tambayi mijinta ko zuciyarsa ta yi sanyi.

Ya ce, "Bai isa ba. Amma shi ne abin da hannuna ya iya kaiwa."