Fangali Uku Masu Jan Ƙyalle

Ranar da na gaya wa Baba cewa karatun jami'a ma yana lalacewa idan ya daɗe a ajiye, dariya ya yi har sai da ya cire hula ya share ido.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa iya kama sunan ba. "Wato ilimin naku dangin tumatir ne? Idan mota ba ta zo da wuri ba sai a zubar a bakin titi?"

Ni ban yi dariya ba, domin kusan haka abin yake, kuma nawa tumatirin ne ya fara laushi.

A lokacin ina koyar da darasin noma a wata makarantar 'yan mata a Kura, ƙarshen mako kuma in hau mota in shiga Kano karatun digiri na biyu. Tsarin jami'a shi ne kowane kwas ka ci sai a rubuta maka kiredit, biyu ko uku, kamar ana zuba mudu a buhu, ranar da buhu ya cika a ba ka digiri. Sai dai akwai dokar da ba wanda yake kula da ita sai ta taka shi: kiredit ɗin da ya haura shekara biyar ba a lissafa shi, mudun farko kwashe shi ake yi. Ni kuwa na haihu sau biyu a tsakani, yajin aiki ya ci nasa rabon, na waiwaya na ga shekara ta huɗu ta kama. Kwas ɗaya ya rage mini, kuma shi ne mafi nauyi, wato gwaji a gona.

Na so in bi ta gajeriyar hanya. Na je ofishin masu digiri na biyu na roƙi a ɗauko mini kiredit daga babbar diflomar da na yi a baya, tunda a can ma na yi aikin gona. Matar da ke ofishin, wata mai fara'a da gilashi a ƙarshen hanci, ta saurare ni tsaf sannan ta ce, "Hajiya, wanda aka riga aka ba ki takarda da shi ba a sake ƙirga shi. Kin taɓa ganin an auna shinkafa ɗaya an sayar wa mutum biyu?" Na ce mata a wasu kasuwannin ban rantse ba. Ta yi dariya, amma ba ta ba ni ko rabin kiredit ba.

Gwajin nawa a kan alkama ne. Za a yi fangali tara, uku a ba su ruwa yadda aka saba, uku a ba su rabi, uku kuma a riƙa ɗan tsiyaya musu kaɗan sai sun galabaita, don a gano iya ƙishin da alkama za ta jure. Abin yana da amfani ga mutanen da gonakinsu ke can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa a gajiye. Baba ya yanka mini gefen gonarsa, kusa da magudana, yana ta gaya wa jama'a cewa bana jami'a ce za ta yi noma a wurinsa.

A wajenmu ruwa daga dam yake zuwa ta babban kanal, ya rarrabu a ƙananan magudanai, kowane ɓangare da ranar ruwansa. Da lanƙwasasshen bututun roba ake ɗiba: ka tsoma shi a magudana, ka toshe bakin da tafin hannu, ka jijjiga har ruwa ya hau, sai ka kwantar da shi a gonarka. Muna da al'ada kuma tun zuwan ruwan. Idan ka iso ka tarar maƙwabcinka bai fito ba, ga shukarsa tana jin ƙishi, sai ka sa masa bututu ka wuce abinka. Ba a faɗa, don ana ganin faɗar tana rage lada. Baba shi ne uban wannan hali. Duk tsakanin ƙauyenmu da Bunkure an san ba a taɓa ganin shukarsa ta yi yaushi ba, kuma yana ji da wannan suna fiye da yadda yake ji da hajjinsa.

Na kafa sanduna na ɗaura jan ƙyalle a fangali ukun da za a hora, na ce, "Baba, waɗannan kada a ba su ruwa sai na zo."

Ya ce, "To."

Shekara talatin da 'yan kai ina jin "to" ɗin Baba, amma sai a wannan rani na gane kala biyu ne. Akwai na na yarda, akwai kuma na na ji kin yi magana.

Alkama ta tashi, fangali tara duk kore shar, ba ka bambance mai jan ƙyalle da sauran. Kai, masu jan ƙyallen ma sun fi sheƙi. Maimakon in yi shakka, sai farin ciki ya kama ni. Na gaya wa maigidana cewa da alama na gano wani abu da masana suka daɗe ba su gano ba, ashe alkama ba ta damu da ruwa ba. Har na fara tsara yadda zan yi bayani idan 'yan gidan rediyo suka zo, da mayafin da zan yafa, ko da yake rediyo ba a ganin mayafi.

Sai malamin da ke duba aikina ya zo, wani dogon farfesa mai ƙarancin magana. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya zaga. Da ya iso fangalin farko mai jan ƙyalle sai ya tsuguna ya luma yatsa a ƙasa, yatsan ya shige kamar a kwaɓin alkaki. Ya ɗago ya dube ni.

"Malama, ko an yi ruwan sama ne a nan shi kaɗai?"

Tsakiyar sanyi ne, rabonmu da hadari tun kaka. Na juya wajen Baba, na tarar ya duƙufa yana neman tasha a rediyonsa. Kusa da shi taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa da gonarsu ke jingine da tamu, shi kuma ya ga wani abin sha'awa a farcen ƙafarsa.

"Ai maƙoshi kawai na ɗan jiƙa musu," in ji Baba daga ƙarshe. "Ruwa yana wucewa ta gabansu suna kallo, farfesa. Ko kai ne."

Taubashin ya zaro ido. "Au, kai ma kana ba su?"

Ashe kowannensu yana sa bututu a ɓoye, kowa yana tattalin ladansa. Fangalin da aka ce a hora da ƙishi su suka fi kowa ƙoshi a gonar. Farfesa ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. Da ya natsu ya ce babu sakamakon da za a rubuta, sai na sake rajistar kwas ɗin baɗi. Alkama ba ta yi sai da sanyi, saboda haka rani ɗaya ya rage mini. Idan shi ma ya lalace, kiredit ɗin shekarar farko zai zube, ya ja na biyu a bayansa. Na san kaina, da 'ya'ya biyu da aikin makaranta ba zan iya komawa aji in faro daga tushe ba.

Na ji haushin Baba ƙwarai. A motar komawa Kura na rufe fuska da mayafi na yi kuka, wata tsohuwa kusa da ni tana ta yi mini gaisuwar rashi, ni kuma ban gyara mata ba.

Sai da damina ta wuce, aka yanke shinkafa, sannan na iya zuwa na durƙusa a gabansa a zaure na yi masa bayani tun daga farko, da buhun, da mudun, da wa'adin. A nan ne ya yi dariyar tumatir. Da ya ga idona ya ciko sai dariyar ta ɗauke.

"Wato sai sun sha wuya sannan za a ba ki abin?"

"E, Baba."

"In sun mutu fa?"

"Shi ma sakamako ne, rubutawa za a yi."

Ya yi salati ya mayar da hularsa. Washegari ya tafi wajen limamin ƙauye, wanda suka yi karatun allo tare, ya tambaye shi ko akwai alhaki a kan mutumin da ruwa ke bi ta gaban shukarsa ya hana ta da gangan. Liman ya ce duk littattafan da ya gada bai ci karo da wanda ya taɓa yin wannan tambaya ba, amma tunda niyyar neman sani ce, yana ganin babu laifi. Baba ya dawo ya ce shi ya yarda, wannan karon "to" na farko. Matsalar ita ce jama'a. Ba yadda za a yi ka bi mutane gida-gida kana cewa su daina yi maka alheri, kuma jan ƙyalle ba ya hana mai neman lada. Dole mutum ya zauna a wurin.

Haka aka yi ranin nan. Duk ranar ruwa, da ya fito daga sallar asuba sai ya ɗauki buzunsa da rediyo, ya sa wa gonarsa bututu, ya sa wa sauran fangalina yadda na tsara, sannan ya zo ya shimfiɗa buzu a bakin masu jan ƙyalle ya zauna. Baya yake juya musu. Na tambaye shi dalili, ya ce rana ce take dukan idonsa, alhali ranar yake fuskanta.

Alkamar ta tsaya gajeruwa, ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya yi ruwan ɗorawa, kuma a bakin hanya take inda kowa zai gani. Masu wucewa a babur sukan rage gudu su ce, "Alhaji, sannu da aiki," su dubi fangalin, su sake duban Baba, su wuce. Wani ya aiko masa da bututu sabo, yana zaton nasa ne ya fashe. Aka fara cewa ƙungiyar masu ban ruwa ce ta hukunta shi, wasu suka ce tsufa ne ya zo da wuri. Taubashin kuwa ya sami abin yi. Da Baba ya shigo majalisar yamma sai ya miƙe ya ce a ba mai gadin ƙishi wuri, kuma kada wanda ya miƙa masa shayi sai an tambayo jami'a.

Baba ya shanye duk wannan, shi da ko a kasuwa ba ya barin magana ta kwana a kansa. Inda yake gazawa shi ne ranar da na zo da bokitin awo zan zuba musu ɗan rabonsu. Sai ya leƙo ya ce, "Ɗan cika shi mana, Uwata, ai bai kai baki ba." In nuna masa zanen da ke jikin bokitin, ya ce wanda ya yi zanen nan ba ya tsoron Allah.

Wata safiya na sauko daga babur na hango tsofaffin biyu suna ja-in-ja da bututu, taubashi riƙe da baki ɗaya, Baba riƙe da ɗaya, rigunansu duk taɓo.

"Sau ɗaya dai! Wa zai sani?" in ji taubashin.

"Mutumin nan mai yatsa zai sani. Sake, na ce!"

Da suka gan ni suka saki tare, bututun ya faɗa magudana, ruwa ya tafi da shi. Kowa ya ce na ɗayan ne, babu wanda ya bi shi.

Zafi ya fara shigowa, alkama ta nuna, muka yanke kowane fangali daban, muka sussuke daban. Farfesa ya zo da ma'auninsa. Masu rabin ruwa ba su yi nisa da masu cikakke ba, masu jan ƙyalle kuwa abin da suka bayar ko kaza sai ta yi ƙorafi. Farfesa ya luma yatsa a ƙasarsu don tsokana, yatsan ya ƙi shiga, ƙasa ta tsattsage ta yi tauri. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Malama, bambanci ya fito. Ki rubuta ki kawo, kiredit ɗinki ya cika."

Na juya in gaya wa Baba, na tarar ya riga ya matso.

"Farfesa, an gama da su? Babu sauran abin da za a auna?"

"An gama, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Ranar ta dace da ranar ruwa, magudana cike take saboda masu masara. Baba bai ce mini barka ba. Ya tafi ya ɗauko bututu, ya tsuguna da ƙyar saboda gwiwarsa, ya tsoma, ya toshe bakin da tafin hannu, ya jijjiga, ya kwantar da shi a fangalin farko mai jan ƙyalle. Babu komai a ciki sai kututturen kara. Ruwan ya shiga tsagogin ƙasar yana ɓacewa, ƙasa tana ta sha ba ta ko nuna alama.

"Baba, ai an yanke," na ce. "Babu abin da zai sha."

"Na sani, Uwata," ya ce, bai ɗago ba. "Ke kin sami naki. Ki bar ni in ba su nasu."

Taubashin, da na zaci yanzu zai sami abin faɗa a majalisa har shekara, sai ya juya. Ya je gonarsa ya zaro nasa bututun, ya zo ya sa wa fangali na biyu.