Jar Tuta a Ƙofar Reluwe

Ban taɓa shiga aji ba, amma akwai Turanci guda da na haddace tun jirgi yana cin gawayi, har yau bai zube mini ba.

Maigidana mai tsaron ƙofar reluwe ne a Agege, inda hanyar shanu ta ratsa layin dogo. In ƙararrawa ta kaɗa ya rufe ƙofa, shi ke nan aikin. Ɗakin da muke ciki na reluwe ne. In aiki ya tafi ɗaki ya tafi, ga ni da goyo.

Wata Laraba da hantsi ƙararrawa ta kaɗa, sai wani dattijo mai kora shanu ya ce masa, "Ɗana, bari mu ƙarasa, saura kaɗan." Kunya ta hana shi rufe ƙofa a fuskar sa'an ubansa. Shanu suka cika layi, sai da ya ruga da jar tuta ya tsai da jirgin kaya. Ko kaza ba ta mutu ba. Amma washegari takarda ta iso: Baturen sufeto zai saurare shi ran Litinin.

Maƙwabcinmu wani ticha ne Bayarabe, Hausa a bakinsa. Suka zauna a ƙofar ɗaki, ni ina daga ciki ina jera goro a kwando.

Ticha ya ce, "Baba, Baturen nan ba ya son dogon bayani. Ka ce masa: ai shud haf kulos di get, sa."

"Me ke nan?"

"Da ma na rufe ƙofar. Haka suke faɗin abin da ya kamata a yi, ba a yi ba."

Maigida ya miƙe. "A'uzubillahi! Abin da ya wuce Allah ne ya rubuta. Malaminmu ya hana mu cewa da na yi kaza. Ƙofar Shaiɗan ce."

"Ha, Baba! Bature bai san malaminka ba o!"

Bai saurara ba. Ticha ya maimaita har sau uku ya tafi. Ni kuwa da nake ɗauke tatsuniya daga ji ɗaya, tuni na ɗauke.

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. In na dubi tukwanena sai in ga kamar an riga an watso su waje. Ran Lahadi da la'asar na durƙusa na ajiye masa ruwa, ban tashi ba.

"Malam, ranar da ka makara Juma'a wa ka ɗora wa laifi?"

"Kaina mana."

"To ƙofar nan, ya kamata ka rufe ko bai kamata ba?"

Ya ce, "Ya kamata."

"Ai ba da ƙaddara za ka yi jayayya ba. Laifinka za ka amsa."

Girman kai ya hana shi komawa wurin ticha, sai ni na zama malama. Ina faɗa yana sarƙewa, har ya ce, "Ke, a ina kika yi boko?" Na ce a gindin kwandon goro.

Ran Litinin na goya yarinya na bi shi daga baya, ina raɗa masa har bakin tasha. Ya shiga ofis. Na tsaya a rana, na ƙi inuwa don kada ƙofar ofishin ta ɓace mini. Jirgi ɗaya ya wuce, na biyu ya tsaya ya sha ruwa ya tashi, shiru. Na fara tunanin gidan wa za mu kwana.

Sai ga shi ya fito, gumi har ƙirji. Ban dubi fuskarsa ba, hammatarsa na duba, don in an kore shi da an karɓe jar tutar. Tutar tana nan a naɗe.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa. Ya ja mini kunne, ya ce in koma ƙofata."

Nan take na zauna a ƙasa.

Bayan mako biyu dattijon nan ya dawo da shanunsa daidai ƙararrawa, ina tsaye da kwanon abinci. Maigida ya rufe ƙofa, ya sa sakata, sannan ya je ya durƙusa ya gaishe shi.