Ƙusar da Kawu Ya Riƙe

Ranar Talata, tara ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Kawuna, yayan mahaifiyata, mai walda, ya rasu a gadon asibiti bayan jinyar da bai bari mun san tsawonta ba. Na Allah muke, kuma wurinSa muka nufa.

Kawu, ka san ni ba mai magana ba ce. Da masu gaisuwa suka cika gidanka, bayan ƙofa na maƙale, na kasa ce wa kowa komai. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini dariyar littattafan soyayyar da nake karantawa ba. In ka tarar da ni na dunƙule a lungu, sai ka ce, "'Yar Mafarki, sun yi auren ne ko har yanzu suna wahalar da ke?" Kai ka haɗa mini 'yar kanta da ragowar ƙarfe, ka shafa mata shuɗin fenti, don kada littattafan su jiƙe a ƙasa. Sai kuma ka daina zuwa.

Abin ya faro ne daga wasa. Wata rana a gaban baƙi ka ce mijin ƙanwarka tuƙin bas kawai ya sani, ko ƙusa bai iya bugawa ba. Kowa ya yi dariya, ban da Baba. Tun daga ranar sunanka ya bar bakinsa, sai dai ya ce wa Mama "ɗan'uwanki". Kai ma ka yi zuciya. Mama ta zama tana gaishe ka a waya a ɓoye, kamar mai laifi.

Ana haka sanyin bara ya shigo, ƙofar murhunmu ta ƙi rufuwa. Murhun ƙarfe ne mai cin itace da gawayi, shi ne girkinmu, shi ne ɗumin ɗakinmu. Ƙofar ta saki, ta sunkuyo, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin sakata ta kama, kuma ko ta kama hayaƙi na tsiyaya ta gefe. Baba ya ce shi zai gyara. Ya dinga dukan sakatar har ta lanƙwashe, abin ya ƙara lalacewa. Auta, ƙanwata mai ciwon ƙirji, ta fara tarin da ke sa leɓenta canza launi. Mama ta ce a kira ka. Baba ya ce, "In ya shigo, ni na fita."

Ranar Asabar da safe, murhu a kashe, muna zaune cikin barguna, sai muka ji sallamarka. Ba wanda ya amsa da ƙarfi. Ka shigo da jakar kayan aiki, ka rame, na ɗauka sanyi ne. Baba ya miƙe ya ɗauki makullin mota. Mama ta tsaya tsakaninku da tsumma a hannu, tana ta murɗa shi.

Ba ka dubi kowa ba. Ka durƙusa, ka kankare toka da tsatsar da suka daskare a bakin ƙofar, ka ciro igiyar da ke tare hayaƙi, ta ƙone ta yi tauri, ka sa sabuwa. Ka miƙar da sakatar, ba ka tambayi wanda ya lanƙwasa ta ba. Sannan ka nuna doguwar ƙusar da ƙofar ke juyawa a kanta, ka ce ita ce ta cinye, dole a sauya. Baba na bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

"Direba," ka ce, "hannuna rawa yake. Zan tallafi ƙofar da gwiwa in riƙe ƙusar. Kai za ka buga."

Ka miƙa masa guduma.

A littattafaina, in mutane za su shirya, sai an yi dogon jawabi, an yi hawaye, wani ya durƙusa. Na tsaya ina jiran jawabin. Babu. Baba ya daɗe yana kallon gudumar, har na ji ƙarar numfashin Auta daga cikin bargo. Sai ya ajiye makulli ya karɓa.

Ka kama sabuwar ƙusar da yatsu biyu, kanta ɗan mitsitsi, yatsunka dab da shi. Baba ya tsaya a kanka, jijiyar wuyansa ta fito, fuskarsa irin ta ranar da ka yi masa wasan. Mama ta ce, "Yaya, ka sa filaya mana." Ka ce, "Bar shi." Ga filayar nan a cikin jakarka, ina ganin ta. Na rufe ido, amma ta tsakanin yatsu ina kallo. Da ya kuskure, ko da gangan ko ba da gangan ba, na san gidanmu da naka sun rabu ke nan har abada.

Ya buga. Ƙusar ta nutse kaɗan. Ba ka janye hannu ba. Ya sake bugawa, ya sake, har ta zauna daram.

Ka tura ƙofar da ɗan yatsa, ta rufe ƙirit. Ka juyo wurina ka ce, "Ba ni takardar da kike sa alama a littafin nan da ke ƙarƙashin mayafinki. Ba zan karanta ba." Kunya ta kama ni, na miƙa. Ka sa ta a bakin murhun, ka rufe ƙofar a kanta, ka ce Baba ya ja. Ta ƙi fitowa, alamar hayaƙi ma ba shi da sauran hanya.

"Ashe ka iya," ka ce.

Baba ya ce, "Ɗora ruwan shayi, Yaya bai karya ba." Da Mama yake, amma bango yake kallo.

Daga baya muka san cewa a lokacin ciwon ya riga ya kama ka. Har yau ban sani ba ko da gaske hannunka rawa yake, ko ka faɗa ne kawai. Na tambayi Mama, sai ta yi kuka. Abin da na sani shi ne, a jinyarka ta ƙarshe Baba ne ke ɗaukar ka a baya daga mota zuwa gado. Ranar da aka kai ka makwancinka, ya dawo ya durƙusa gaban murhun, ya buɗe ƙofar ya rufe, ya buɗe ya rufe, har Mama ta riƙe masa hannu.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara. Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata shi, Ya buɗe maka ƙofar Aljanna cikin sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna matarka, da 'ya'yanka, da Mama da ta rasa yayanta, da Baba, wanda har yanzu in ya zo ambaton ka sai ya tsaya a "Yaya" ya kasa ƙarasawa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Amin.