Lambobin Malam Sanda

Har yau ban manta da ranar da faifan ajiyar ofishinmu ya ƙi buɗewa ba. Lokacin ni masinja ne a wani ofishin kula da gonakin fadama a Argungu, na kuma fara zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, da furfurata.

Akawunmu Malam Sanda, Allah ya jiƙansa, shi ya shigar da sunan kowane manomi da iyakar gonarsa a kwamfuta. Ya adana su a wani baƙin faifai mai girman sabulu, ya kulle shi. Tsohuwar kwamfutar ta san faifan, da an jona shi sai ya buɗe, don haka ba wanda ya ƙara tuna akwai kulle.

Bayan rasuwarsa aka kawo sabuwar kwamfuta, aka goge tsohuwar tas aka mayar da ita Birnin Kebbi. A shekarar ce ambaliya ta share iyakokin gonaki a wajen Gulma. Ruwa ya ja baya, lokacin shuka ya matso, manoma suka cika barandarmu. Cikinsu akwai wani dattijo, Baba Manu, wanda maƙwabcinsa ya riga ya sa garma a rabin gonarsa.

Shugabanmu, Alhaji Bala, ya kira Injiniya Nura daga Birnin Kebbi. Injiniyan ya jona faifan a sabuwar kwamfutar, ya daɗe yana duban allo.

"Ranka shi daɗe, makulli shika nema. Lambobi arba'in da takwas, shida-shida, kashi takwas. Ranar da anka kulle shi, dole an buga su a takarda."

"In babu takardar fa?"

"To ko wanda yaƙ ƙera shi ba ya buɗe shi."

Tun bayan rasuwar, Alhaji da kansa ya ce a ƙone tarkacen aljihun teburin marigayi, ni kuma na ƙona.

Amma ban ƙona duka ba. Malam Sanda ba ya ajiye takarda sai ya rubuta Bisimilla da hannunsa a samanta. Mu kuma a gidanmu ba a haɗa sunan Allah da shara. Na tsince waɗannan na zuba a gwangwani a ɗakina. Da na ji an ce shida-shida, sai na tuna akwai wata mai lambobi zalla da na riƙa kwafa a littafina, ina koyon rubuta lamba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni izini in je gida."

"Garba, ana wanga tashin hankali kana zancen gida?"

Na hau keke na ɗauko gwangwanin da littafin. Takardar tana nan, sai dai gara ta cinye gefenta, kashi na ƙarshe babu. Na buɗe littafina. Injiniya ya dubi rubutun ya ce, "Baba, wagga ɗaya ce ko bakwai? Sun yi kama da ƙugiyar kamun kihi."

Na ce, "Bakwai ce. Malaminmu ya ce in riƙa ja mata layi a ciki."

Ya gwada, faifan ya ƙi buɗewa. Na sake dubawa a hankali, na ga a shafin farko na juya wata shida ta koma tara. Sau biyar na kwafi takardar a shafi biyar. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, huɗu suka ce shida. Injiniya ya danna, sunaye suka fito.

Ba wanda ya yi shewa. Alhaji ya cire hula ya shafa kansa, ya ce a yi wa Malam Sanda fatiha. Aka leƙa aka kira Baba Manu, aka karanta masa iyakarsa, daga gindin giginya zuwa bakin rafi. Ya ce, "Haka ubana yab bar mani ita."

Tun daga ranar, duk mai shirin sauya kwamfuta ina tare shi in tambaya: ina takardar makullin, wa kuma ya san inda take? Malam Sanda ya kulle amanar mutane da kyau, sai dai bai faɗa wa kowa inda ya sa makullin ba. Yanzu kwafi biyu muke yi, ɗaya a akwatin ƙarfe na ofis, ɗaya a hannun shugaba. Bisimillar da ke samansu ni nake rubutawa.